Yadda Ake Tsare Makullan Kwamfuta a Tashoshin Wuta da Ruwa: Jagora ga 'Yan'uwa Masu Aiki a Saudiyya

Ruwan da ke zubowa a famfunan gidajenmu na Makka da Jidda, yawancinsa daga teku yake. A Shu'aiba, bakin Bahar Maliya kudu da Jidda, ake cire masa gishiri, sannan manyan injina su tura shi har Makka da Ɗa'if. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin sarrafa irin wannan tasha ya san abin da ke ciki: allunan kwamfuta a jere, mutum biyu ko uku a zaune da kofin shayi, kowane injin turo ruwa da kowane bawul da ɗan hotonsa a allo. Dannawa ɗaya a buɗe, dannawa ɗaya a rufe. Abin da ya raba wannan allo da hannun baƙo, sau da yawa, suna ne kawai da kalmar sirri.

'Yan'uwanmu Hausawa na nan da yawa a wannan harka, daga haifaffun Makka da Madina zuwa waɗanda suka zo da iƙama, wato takardar izinin zama, daga Kano ko Maraɗi. Wasu masu gyaran wuta ne, wasu na kula da mitoci, wasu shugabannin ma'aikata ne a ƙananan sharikokin 'yan kwangila, wani kuma shi kaɗai ne mai kula da kwamfutocin sharikarsu. Su nake yi wa wannan bayani, domin ƙofar da masu kutse suka fi so ita ce tamu, ta ɗan kwangila. Babban kamfani yana da katanga da masu gadi. Ɗan kwangila yana da makullin shiga wannan katangar a aljihunsa, kuma sau da yawa ba wanda ya koya masa yadda ake riƙe shi.

Ƙasar nan ta ɗanɗana. Ranar 15 ga Agusta 2012, wadda ta yi daidai da 27 ga Ramadan, lokacin da ma'aikata da yawa suka tafi hutun salla, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna Shamoon ta goge kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin Aramco. Haƙar mai ba ta tsaya ba, domin na'urorin haƙar ba a haɗe suke da na ofis ba, amma ofisoshi sun koma aiki da takarda da na'urar faks. Da Shamoon ta dawo a Nuwamban 2016, masu bincike sun buɗe cikinta suka tarar da sunaye da kalmomin sirri na ma'aikatan wuraren da aka kai wa harin, an riga an sace an cusa mata. Wato ba fasa ƙofa ta yi ba. Da makulli ta zo. Kuma an saita ta ta tashi daren Alhamis, bayan kowa ya tafi hutun ƙarshen mako.

Ga yadda ake bi, mataki bayan mataki. Kada ka tsallake na farko don ka ga ba shi da armashi. Duk sauran a kansa suke zaune.

Mataki na 1: Ƙirga makullan

Ba ka tsare abin da ba ka san da shi ba. Ka samu takarda ko ka buɗe jadawali a kwamfuta, ka ja layuka biyar: sunan asusun, wane ne mai shi, me yake buɗewa, wa ya ba da izinin buɗe shi, yaushe aka shiga da shi na ƙarshe. Sai ka bi wuri wuri.

Ka fara da na mutane: imel, hanyar shiga daga nesa da ake kira VPN, manhajar biyan kuɗi, manhajar odar gyara. Sannan na injina, waɗanda ba mutum ke shiga da su ba, wata manhaja ce ke gaisawa da wata, kamar mai kwasar karatun mita tana kai wa mai lissafin kuɗin wuta. Waɗannan su aka fi mantawa, kuma su ne ke shekara goma ba a canja musu kalmar sirri ba, saboda kowa na tsoron in ya taɓa wani abu ya tsaya. Daga nan ka sa takalmin aiki ka fita fili. Ka buɗe akwatunan na'urori a ƙananan tashoshin da ke nesa da gari. Za ka iya tarar da ɗan modem mai layin waya a ciki, wanda kamfanin da ya kafa injin ya bari don ya riƙa dubawa daga ƙasarsu ba sai ya hau jirgi ba. Shi ma ƙofa ce, ka rubuta shi.

In ka gama, ka je ofishin kula da ma'aikata ka karɓi jerin waɗanda ke karɓar albashi a wannan watan, ka ɗora shi kusa da naka. Duk sunan da ke naka ba ya nasu, ka ja masa layi.

Ranar da muka fara yin wannan a wata sharika da na yi wa aiki, mun tarar da asusun wani ɗan'uwanmu da ya yi huruj niha'i, wato fitar ƙarshe daga ƙasar, ya koma gida tun kafin aikin Hajjin shekarar. Ni da kaina na raka shi filin jirgin Jidda. Katinsa na shiga ƙofa an karɓe, hular kwanonsa na rataye a sito, amma sunansa na nan da rai a VPN, da ikon shiga har na'urorin tasha. Mutumin kirki ne, ba abin da zai yi. Sai dai kalmar sirrinsa ita ce wadda yake amfani da ita a Facebook, kamar yadda ya faɗa mini da na kira shi. Jikina ya yi sanyi. Irin wannan asusu ne ya durƙusar da bututun mai na Colonial a Amurka a Mayun 2021: tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi, ba a rufe ba, kalmar sirri kawai ke tsaronsa. Bututun da ke ɗauke da kusan kashi 45 cikin ɗari na man da gabashin Amurka ke sha ya tsaya na kwanaki, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Asusun da ba ka gano mai shi ba, kada ka goge shi nan take. Ka dakatar da shi, ka jira sati biyu. In na wani ne, zai zo da ƙorafi. In na inji ne, ka yi dakatarwar da rana tsaka, injiniyan sashen na tsaye kusa da kai.

Mataki na 2: Kowa da makullinsa

A tashoshi da yawa akwai suna ɗaya da kowa ke shiga da shi, kalmar sirrin a rubuce a 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a manne ƙarƙashin allon rubutu. Mai dawam ɗin safe, wato mai aikin safe, ya sani, na dare ya sani, wanda aka kora bara ya sani. In aka rufe bawul ɗin da bai kamata ba, rajista za ta nuna sunan da mutum ashirin ke amfani da shi, wato ba ta nuna kowa ba.

Ka buɗe wa kowane mutum nasa. A ofis wannan ba shi da wahala. A ɗakin sarrafa inji kuwa sai an yi hattara, domin ba a son allo ya kulle kansa a daidai lokacin da ƙararrawa ke kaɗawa, mutum na lalube da yatsu. Abin da ake yi shi ne a bar allon kallo a buɗe ko da yaushe, amma duk wani canji mai nauyi, kamar sauya ma'aunin da ƙararrawa ke tashi a kansa ko taɓa shirin na'ura, sai mutum ya shiga da sunansa ko ya goga katinsa. Inda na'urar ta tsufa ba ta karɓar suna fiye da ɗaya, a mayar da tsaron ga ƙofar ɗakin da littafin miƙa dawam, kuma a canja kalmar duk ranar da wani daga cikin masu saninta ya bar sashen.

Wahalar gaske ba ta na'ura ba ce, ta kunya ce. Mu mutane ne da ba mu iya cewa babba a'a ba. Wani dattijo da muka yi aiki tare, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, "Ɗana, ba ni lambarka in shigar da rahoton nan, tawa ta ƙi." Na miƙe na ba shi kujera na ce, "Baba, zauna ka faɗa mini, ni zan rubuta. In mun gama mu kira su su buɗe taka." Ya zauna, muka yi, ba wanda ransa ya ɓaci. Haka ake yi. Ba ka hana mutum biyan buƙatarsa, makullin kawai kake riƙewa. Ka kuma tuna cewa duk abin da aka yi da sunanka, kai za a tambaya, kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ba ta wasa ba ce: shiga na'ura ba da izini ba don gogewa ko lalata bayanai na iya kai mutum ɗaurin shekara huɗu da tarar riyal miliyan uku.

Mataki na 3: Kashe kalmomin sirrin da na'ura ta zo da su

Na'urori da yawa daga masana'anta suke zuwa da kalmarsu, kuma kalmar tana rubuce a littafin na'urar da kowa ke iya saukewa daga intanet. A Nuwamban 2023 masu kutse sun shiga na'urar wata tashar ruwa a garin Aliquippa na jihar Pennsylvania a Amurka. Na'urar kamfanin Unitronics ce, irin wadda ke zuwa da kalmar sirri 1111, kuma tana kallon intanet kai tsaye. Ma'aikata suka koma sarrafa injin da hannu.

Ka bi jerinka na mataki na farko, ka gwada kalmar masana'anta a kan kowace na'ura da kake da izinin taɓawa: kyamarori, modem, na'urorin sarrafa inji, na'urar rarraba intanet. Wadda ta buɗe, ka canja. Sabuwar kalma ta yi tsawo. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, kuma sun fi sauƙin riƙewa. Hausarka ma na da amfani a nan, amma ban da karin magana ko baitin waƙa ko aya, ban da sunan ɗa, lambar iƙama ko lambar mota. A ajiye su a manhajar ajiyar kalmomin sirri da sharika ta amince da ita. Rukunin WhatsApp na ma'aikata ba ma'aji ba ne. Waya ɗaya ta ɓace a tasi, duka sun fita.

Mataki na 4: Makulli na biyu

Duk mai zaune a ƙasar nan ya riga ya san wannan, ko da bai san sunansa ba. In za ka shiga Absher, shafin hidimomin gwamnati, sai an turo maka lamba a waya. In za ka shiga wata hidimar gwamnati ta hanyar Nafath, manhajar tabbatar da ko kai wane ne, sai shafin ya nuna maka lamba, ka je manhajar ka zaɓi irinta. Kalmar sirri abu ne da ka sani, waya abu ce da ka riƙe, ɓarawo sai ya haɗa biyun.

Ba a iya sa wa komai a rana ɗaya, don haka ga jerin fifiko. Na ɗaya, duk wata hanyar shiga daga wajen tasha. Wannan ma wajibi ne a ƙa'idojin Hukumar Tsaron Intanet ta Ƙasa, NCA, wadda aka kafa a 2017 ta kuma fitar da muhimman ƙa'idojinta na ECC a 2018, sannan ta ƙara na musamman ga na'urorin masana'antu, OTCC, a 2022. Na biyu, imel, domin da imel ake sake saita sauran kalmomin. Na uku, asusun masu kula da tsarin.

Makulli na biyu iri-iri ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ita ce mafi rauni, domin ana iya yaudarar mutum ya karanto ta, ana kuma iya sace layin. Manhaja mai sa ka daidaita lamba ta fi. Wanda ya fi duka shi ne ɗan makullin ƙarfe da ake sokawa a kwamfuta, irin na YubiKey, saboda ba ya amsa wa shafin bogi ko da kai ka ruɗu. Ga masu riƙe da manyan makullai, shi nake ba da shawara. A cikin tasha inda aka hana shiga da waya, shi ko kati ne mafita.

Ka koya wa yaranka abu ɗaya har ya zauna musu: in buƙatar amincewa ta shigo wayarka ba kai ka nema ba, kada ka amince, kuma ka kai rahoto, domin alama ce wani ya riga ya samu kalmarka. Dabara ɗaya ce da ta masu kira su ce daga banki suke ko daga wata hukuma, za a rufe maka asusu in ba ka zaɓi lamba kaza a Nafath ba. Da yawa cikin iyayenmu mata a Shara Mansur da Misfala sun sha irin wannan kira. Wanda ke kiran ma'aikacin tasha yakan ce shi daga sashen kwamfuta yake. Ka kashe, ka kira sashen da lambar da ka sani. Shi ma mai sake saita kalmomin sirri kada ya yi wa kowa a kan murya kawai, ko da an ce mudir ne, wato manaja, kuma yana sauri. Ya kira mutumin a lambar da ke rajista, ko mutumin ya zo da ƙafarsa.

Mataki na 5: Manyan makullai

Akwai asusun da ke iya ƙirƙirar wasu asusun, ya goge, ya girka manhaja a kwamfutoci dubu lokaci guda. Shi masu kutse ke nema tun daga ranar da suka shigo. Mai riƙe da shi ya zama yana da suna biyu: ƙarami na karanta imel da shiga intanet, babba na aikin kula da tsari kawai, wanda ba a buɗe imel da shi ko sau ɗaya. Masu babban su zama 'yan kaɗan, ka iya lissafa su da yatsun hannu. Inda hali ya yi, a riƙa ba da ikon na awoyi, aiki ya ƙare ya koma ma'aji.

Sannan makullin ofis kada ya buɗe tasha. Rajistar sunayen ɓangaren ofis daban, ta ɓangaren injina daban, kalmomin sirri daban. Ranar 23 ga Disamba 2015 a Yukren, ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta uku suna zaune suka ga kibiyar linzamin kwamfuta na yawo da kanta a allo, tana buɗe makatsan wuta ɗaya bayan ɗaya. Masu amfani da wuta kusan 225,000 suka shiga duhu cikin hunturu. Maharan sun shigo watanni kafin nan ta saƙon imel mai tarko, suka zauna a ɓangaren ofis suna tattara sunaye da kalmomin sirri, sannan suka bi ta VPN suka haura ɓangaren injina kamar ma'aikatan gida.

Mataki na 6: Baƙo ya tsaya a zaure

A gidan Bahaushe baƙo ba ya faɗawa tsakar gida. Zaure yake tsayawa, a yi masa iso, mai gida ya fito. Haka ya kamata shigar ɗan kwangila da kamfanin da ya sayar da inji ta kasance. A ware kwamfuta ɗaya a tsakanin ofis da tasha, ita ce zauren. Duk mai shigowa daga nesa a nan zai sauka, da sunansa na kansa da makulli na biyu. Ƙofar a rufe take sai an nema: ya faɗi aikin da zai yi, injiniyan tasha ya buɗe masa na awa biyu ko uku, ana naɗar abin da yake yi a allo, lokaci ya cika ta rufe da kanta. Manhajoji irin su TeamViewer da AnyDesk da wani ya girka a kwamfutar injiniya don sauƙin aiki, a cire su. Ramuka ne a bayan gida da ba su bi ta zaure ba.

In kai ne ɗan kwangilar, kada ka ɗauki wannan a matsayin rashin yarda. A 2021 Aramco ta tabbatar da cewa wasu bayananta sun fita ta hannun ɗan kwangila, masu riƙe da su na neman dala miliyan 50. Kamfanin na da ma'auninsa na tsaro ga masu yi masa aiki, da takardar shaida da ake kira CCC wadda sai da ita ake hulɗa da shi. Ƙaramar sharikar da ta gyara gidanta tun yanzu ita za ta ci kwangila gobe.

Kwamfutar tafi-da-gidanka da kake sokawa a na'urar tasha ta zama ta wannan aikin kaɗai. Ba a kallon ƙwallo da ita, ba a ba yara a gida. Filashi kuma sai an bi da shi ta na'urar bincike a bakin ƙofa.

Akwai wani makulli da nake so a tsaya a kansa, domin na ƙarfe ne, ana riƙe shi a hannu. A manyan tashoshi akwai na'urar kare rayuka, wadda aikinta kawai shi ne ta kashe inji in zafi ko matsi ya wuce iyaka. A 2017 masu kutse sun kai ga irin wannan na'ura, samfurin Triconex na kamfanin Schneider Electric, a wata masana'antar sinadaran man fetur a nan Saudiyya. Manhajar da suka yi amfani da ita ana kiranta Triton. Na'urar na da makulli a gabanta da ake murɗawa: in yana kan RUN ba a iya sauya shirinta, in yana kan PROGRAM ana iyawa. An bar shi a kan PROGRAM. Allah Ya kiyaye, kuskure a manhajar maharan ya sa na'urar ta tsayar da masana'antar. A karon farko, cikin watan Yuni, an ɗauka matsalar inji ce aka tayar aka ci gaba. Sai da ta sake tsayawa a Agusta aka bincika aka gano. Darasi biyu ne a nan ga mai aikin fili. In ka gama aiki a irin wannan na'ura, ka mayar da makullin kan RUN, ka zare shi, ka kai inda ake ajiyewa, ka sa hannu a littafi. Mai zagayen dawam kuma ya riƙa duba shi kamar yadda yake duba ma'aunin mai. Na biyu, in inji ya tsaya ba dalili bayyananne, a cikin tambayoyin da za a yi har da wannan: wa ya shiga na'urar kwanan nan?

Mataki na 7: Ranar tafiya

Takardar sallama da ake zagayawa da ita ana sa hannu, ta sito da ta kuɗi da ta masauki, a ƙara mata layi na sashen kwamfuta. A rufe asusun a ranar, kafin mutum ya kai filin jirgi. Haka ga wanda ya yi naƙalin kafala, wato ya sauya uban gida, zuwa wata sharika, da ɗan kwangilar da aikinsa ya ƙare. Wanda aka sauya wa sashe a karɓe tsofaffin makullansa kafin a ba shi sababbi, in ba haka ba bayan shekara goma za ka tarar da mutum ɗaya na buɗe ko'ina. Duk wata uku kowane shugaban sashe ya karɓi jerin mutanensa ya tabbatar da su suna bayan suna.

Mataki na 8: Wani ya riƙa duba rajista

Na'urori na rubuta duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa, amma rubutun da ba mai karantawa ba ya hana komai. In ba ku da cibiyar sa ido, a ɗora wa mutum ɗaya ya duba kowace safiya. Abin nema ba shi da yawa: shiga daga ƙasar da ba ku da kowa a can, shiga da ƙarfe uku na dare da sunan mai aikin rana, sunan wanda ke hutu, kuskuren kalmar sirri sau da yawa a jere, sabon babban asusu da ba wanda ya nema. A ninka ido a goman ƙarshe na Ramadan, hutun salla biyu, kwanakin Hajji da daren Alhamis. Masu wannan aiki sun san kalandarmu.

Mataki na 9: In ta faru

Ka danna wani mahaɗi, ka rubuta kalmarka, sai daga baya gabanka ya faɗi. Ka faɗa nan take. Na san abin da ke hana mutanenmu: tsoron a yanke albashi, tsoron a ƙi sabunta iƙama, tsoron a ce baƙo ne ya jawo. Shugaba mai hankali shi zai cire wannan tsoro tun kafin ranar, ya faɗa a bainar ma'aikata cewa wanda ya kawo rahoto da wuri ba za a hukunta shi ba, kuma ya cika alkawari a karon farko da aka gwada shi. Rahoton minti goma canjin kalmar sirri ne kawai. Na bayan sati uku wani labari ne.

Mai kula da tsari ya dakatar da asusun, ya fitar da shi daga duk inda yake a buɗe, domin canja kalma kaɗai ba ya korar wanda ya riga ya shiga. A zare wayar intanet daga kwamfutar da ake zargi, amma kada a kashe ta kuma kada a goge, shaida na ciki. A rufe zaure ga kowa har sai an gane inda aka tsaya. Na'urar inji kuwa ba mai zare mata komai sai da izinin injiniyan dawam. Daga nan a sanar da kamfanin da kuke wa aiki ta hanyar da kwangila ta tanada. Hukumomi da kamfanonin da ke ƙarƙashin NCA na kai rahoto gare ta, in kuma bayanan mutane ne suka fita, kamar sunaye da lambobin masu biyan kuɗin wuta, dokar kare bayanan mutane ta ba da awa 72 a sanar da SDAIA, hukumar da ke kula da bayanai.

Duk wannan sai an tanade shi tun ana zaune lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. A buga lambobin wayar mutanen da za a kira a takarda, a manna a ɗakin sarrafawa, domin ranar da kwamfutoci suka mutu littafin adireshin imel ya tafi da su. A ajiye kwafin shirin kowace na'ura a faifan da ba a haɗe yake da komai ba, a cikin akwatin ƙarfe, a kuma gwada mayar da shi ko sau ɗaya a shekara. A tanadi asusun ko-ta-kwana guda, kalmarsa a ambulan da aka liƙe aka sa wa hannu, wanda ba a buɗewa sai mutum biyu na tsaye.

Abin da ya dawo da wuta a Yukren cikin awoyi shi ne ma'aikata sun shiga motoci sun tafi ƙananan tashoshi sun mayar da makatsan da hannu. Don haka a zaɓi rana, a sanar da kowa, a ɗauka allon ya mutu. A ga wa ya san inda kowane bawul yake, wa ke da makullin ɗakin, rediyon hannu na da caji ko babu. A sa matasan da suka taso da allo su bi dattawan da suka yi aikin tun kafin zuwansa. A gwajin farko da na halarta, mun isa wani bawul da ke kusa da teku muka tarar gishirin iska ya cinye sitiyarinsa, mutum uku suka kama ya ƙi juyawa. Washegari aka zo da man giris da sabon sitiyari, aka kuma sa shi cikin jerin abin da ake murɗawa duk wata.